Me ake nufi da "bin diddigin kaya" a harkar fitar da haja waje?

Duk mai tura riɗi, zoɓorodo, citta ko fata daga Kano zuwa Turai ya san takardar tambayoyin da mai saye ke aikowa kafin a ƙulla ciniki. So yake a tabbatar masa cewa, tun daga gona har kwantena, babu gumin ƙaramin yaro ko na wanda aka tilasta wa aiki a cikin kayan. Wannan binciken shi ake kira bin diddigin kaya.

Doka ce ta matsa wa masu sayen. Tun 1930 Amurka ta hana shigo da kayan da aka yi da aikin tilas. A Birtaniya, dokar 2015 ta wajabta wa kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya bayyana matakan da yake ɗauka don kauce wa aikin tilas a harkarsa. Haramcin Tarayyar Turai kan irin waɗannan kaya kuma zai fara aiki a Disambar 2027.

Aikin tilas ba sai an ga bulala ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa alamominsa 11, ciki har da riƙe albashi, ƙwace katin shaida, hana fita da ɗaure mutum da bashi. Leburan da ɗan kwangila ya ɗauko daga ƙauye, ya rubuta masa kuɗin mota, abinci da makwanci a matsayin bashi, wata ya ƙare bai ga ko kwabo ba, kuma ba shi da damar tafiya, aikin tilas yake yi.

Batun yara kuwa, ma'aunin fara aiki shi ne shekara 15, ko 14 a ƙasashe masu tasowa, aiki mai haɗari kuma sai 18. Yaro ya taya babansa shuka bayan makaranta ba laifi ba ne. Daban yake da wanda ke wuni yana sungumar buhu, ko yana tsoma hannu a ruwan sinadarin jima.

Masana'antar Sharada ko Challawa a Kano tana da sauƙin dubawa, don akwai ƙofa, akwai rajista. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa da nan. Dillali a kasuwar Dawanau yakan haɗa riɗin ƙauyuka da yawa wuri guda, asalinsa ya ɓace. Sannan a raba tsinta gida-gida, ana biya kan kowane buhu. Idan kuɗin ya yi kaɗan, dole uwa ta jawo 'ya'yanta su taya ta. Shi ya sa kamfanin da ke da gaske yake sa lamba a kowane kaso na kaya, ya rubuta sunan wanda ya kawo, ya gyara farashin tsintar.

Ziyarar da aka sanar tun da wuri ba ta kama komai, a ranar za a ce yara su zauna gida. Mai bincike na ƙwarai ba ya sanarwa, yana ganawa da ma'aikata ba a gaban oga ba, kuma yana auna yawan kayan da aka fitar da adadin sunayen da ke takardar albashi. Idan mutum 20 suka fitar da aikin 40, akwai hannayen da aka ɓoye.

In an samu yaro, korarsa kawai zalunci ne, don wani aikin da ya fi muni zai faɗa. A cire shi daga aikin, kamfani ya ɗauki nauyin karatunsa, a ba wani babba a gidansu gurbinsa, sannan a riƙa komawa ana duba ko yana zuwa aji.