Waiwaye: Yadda aƙidar fantiyizim ta zama ƙungiya

A shekarar 1999 aka kafa ƙungiyar World Pantheist Movement. Mabiyanta na cewa sararin samaniya da ƙasa da duk abin da ke numfashi su ne ƙololuwar abin girmamawa, kuma babu wani mahalicci da ke wajensu. Wannan aƙida ita ake kira fantiyizim. Ƙungiyar ƙarama ce, amma tunanin da ta ɗauko tsoho ne, kuma waɗanda suka fara riƙe shi a Turai sun sha wuya.

A 1656 Yahudawan Amsterdam suka kori masanin falsafa Baruch Spinoza daga cikin al'ummarsu yana ɗan shekara 23. Babban littafinsa bai fito ba sai a 1677, bayan mutuwarsa. A ciki ya ce Ubangiji da halitta abu ɗaya ne, sunaye biyu kawai aka ba shi. Mutumin Ayalan John Toland ne ya yaɗa kalmar "fantiyis", wato mai bin wannan aƙida, a Turanci a 1705, kuma a 1720 ya wallafa littafin da ya tsara yadda masu wannan ra'ayi za su riƙa taruwa da abin da za su karanta tare. Coci ba ta yi shiru ba. A 1864 Fafaroma Pius na IX ya sa fantiyizim a kan gaba cikin jerin ɓatan da ya haramta.

Masanin halittu Ernst Haeckel ya kafa ƙungiyar masu irin wannan ra'ayi a Jena ta Jamus a 1906. Sai a 1975 Harold Wood ya kafa Universal Pantheist Society a Amurka. Paul Harrison, marubuci ɗan Birtaniya, ya yi mataimakin shugabanta kafin ya fice a 1996, ya kama hanyar da ta jingina da kimiyya zalla, wadda ta kai shi ga kafa World Pantheist Movement.

A nan ne aka yi babban sauyin. Spinoza bai bar ambaton Ubangiji ba, amma tafiyar Harrison ta ajiye kalmar kusan gaba ɗaya. Ba ta yarda da ruhi mai rabuwa da jiki ba, ba ta yarda da lahira ba. Mutuwa a wurinsu komawar jiki ce cikin ƙasa, shi ya sa suke son a binne mutum yadda zai narke cikinta. Bukukuwansu na bin juyin rana ne, kamar ranar da dare da yini ke daidaita. Saboda haka duk wanda ya haɗa wannan da wahdatul wujud da ake dangantawa da Ibn Arabi, a ganina ya yi kuskure babba: malaman Sufaye suna magana ne a kan Allah Mahalicci, waɗannan kuwa sun tsaya a kan halittar. Masanin halittu Richard Dawkins ma ya ce fantiyizim rashin yarda da Allah ne aka yi wa kwalliya.

Harrison ba baƙon yankinmu ba ne. Kafin fantiyizim, aikinsa rubutu ne kan talauci da muhalli, kuma a littafinsa The Greening of Africa na 1987 ya yi bayanin layukan dogon yaro da manoman kwarin Maggia, a jihar Tawa ta Nijar, suka dasa don kare gonakin geronsu daga iska.