Kuɗin Jama'a da Ayyukan Hukuma a Damagaram

A Damagaram (Zinder), bin diddigin kuɗin jama'a na nufin sanin abin da ya shiga baitulmali da sunan talakawa, da wanda ya kashe shi, da abin da aka gani a ƙasa: ruwa, wuta, magani, tsabtar gari. Birnin shi ne hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambatawa.

Kuɗin da ke tafiyar da gari na fitowa ta hanya biyu. Akwai abin da ma'aikatar magajin gari ke karɓa da kanta, wato harajin lampo, da tikitin kasuwa irin na Kasuwar Dole, da kuɗin tasha da na filaye. Akwai kuma abin da gwamnati ke turowa daga Yamai. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, sannan dokar 2010 ta tsara ikonsu, aka kasa birnin zuwa gundumomi 5. A tsarin dokar, kafin a rushe majalisun a 2024, kansiloli ne ke amincewa da kasafi, kuma zamansu a buɗe yake ga jama'a, ko da yake ba kasafai mai sayar da goro ke barin tirensa ya je sauraren lissafi da Faransanci ba.

Ruwa ne ma'aunin da Damagarawa suka fi auna hukuma da shi. Garin yana zaune a kan dutse, rijiya ba ta wadatarwa, don haka daga nesa ake jawo ruwan: Gogo da Machaya, Arunguza, sai Ganaram. Tun 2001 aka raba aikin gida biyu. Kamfanin gwamnati SPEN ke da bututu da tankuna da alhakin zuba jari, kamfanin SEEN kuma, wanda Veolia ta Faransa ke da kaso mafi girma a ciki, shi ya riƙa rarrabawa da karɓar kuɗi, har kamfanin gwamnati NDE ya gaje shi a farkon 2024. Rabon yana da hujjarsa a takarda, amma ya sauƙaƙa wa kowane ɓangare nuna ɗan'uwansa da yatsa idan pampo ya ƙafe. A watannin bazara, unguwanni kamar Garin Malam da Kara-Kara kan dogara ga 'yan ga-ruwa, sai ya zama wanda bai da pampo a gida ya fi mai shi biyan ruwa da tsada.

Matatar mai ta SORAZ, a kan hanyar Tanut, ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar 40. Ɗanyen man daga Agadem na jihar Difa yake zuwa. Dokokin ma'adinai da man fetur sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga ga yankunan da abin ya shafa, sai dai ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kukan cewa kason yana makalewa a baitulmali. Haka abin yake a fannin lafiya: tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu kan bar su ba magani, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya.

Kafin juyin mulkin 2023, masu bincike a hukumance su ne Kotun Ƙididdiga mai duba lissafin kuɗin gwamnati, wadda tsarin mulkin 2010 ya tanada, da hukumar yaƙi da cin hanci HALCIA da aka kafa a 2011. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da tsarin mulkin, aka kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Kantoma yana ba da bahasi ne ga wanda ya naɗa shi, saboda haka koken unguwa yanzu ya fi bi ta gidajen rediyo masu zaman kansu, da masu unguwanni, da fadar Sarkin Damagaram.