Buɗe adireshin yanar gizo daga cikin manhaja

Buɗe adireshin yanar gizo daga cikin manhaja shi ne abin da ke faruwa idan mutum ya danna maɓallin taimako ko na shiga asusu a wata manhaja, sai burauzarsa ta taso da shafin da ake nufi. A ƙa'ida ba manhajar ce ke zaɓar burauza ba. Miƙa adireshin take yi ga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ita kuma ta duba burauzar da mai na'urar ya naɗa, ta ba ta. Hakan ne daidai, domin a wannan burauzar mutum ya ajiye kalmomin sirrinsa da shafukan da ya saba shiga.

Kowace babbar manhaja da ƙofarta. Windows na da ShellExecute da umarnin start, macOS na da open, Linux kuma galibi xdg-open na freedesktop.org ake kira. A Android, saƙon Intent mai ɗauke da ACTION_VIEW ake aikawa.

Harsunan rubuta manhaja sun ɗauke wa mai rubutu wahalar sanin waɗannan ƙofofi. A Python, layi ɗaya na webbrowser.open ya wadatar, kuma yana bin sunan burauzar da aka sa a saitin na'ura mai suna BROWSER idan an sa. Java ta samu Desktop.browse tun fitowar Java 6 a 2006.

Sai dai aikin na da tarko, mafi yawa a Windows. Adireshi mai alamar & idan aka miƙa shi tsirara ga start, a nan yake yankewa, domin cmd, manhajar Windows da ke karɓar umarni a rubuce, na ɗaukar alamar a matsayin iyaka tsakanin umarni biyu. Mai rubutu sai ya rufe adireshin da alamun zance, nan kuma start ya ɗauka sunan taga aka ba shi, ya buɗe baƙar taga babu shafi. Maganin shi ne a fara sa alamun zance biyu da babu komai a tsakaninsu, sannan adireshin ya biyo. Masu rubutu da harshen C# ma sun sha tuntuɓe da suka koma dandalin .NET Core, inda Process.Start ba ya buɗe adireshi sai an kunna saitin UseShellExecute.

Tarkon da ya fi haɗari shi ne na tsaro. Waɗannan ƙofofi ba adireshi kaɗai suke buɗewa ba, har fayil, wani lokaci har da tayar da wata manhaja. Don haka duk adireshin da ya zo daga waje sai an tabbatar da http ko https ya fara kafin a miƙa shi.

A 2017 hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da takardar RFC 8252, wadda ta ce manhajojin waya da na kwamfuta su riƙa tura mutum burauzar waje wajen shiga asusu ta OAuth, wato tsarin ba manhaja izinin amfani da asusun mutum, don kada manhajar ta ga kalmar sirrin da yake rubutawa.