Ɓera, Jan Fure da Iskar Guba: Tambayoyin da Ake Ta Yi Mini Kan Waƙoƙin Yaƙi

Duk zangon karatun da muka iso kan waƙoƙin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tambayoyin nan dai su ne, sai ka ce ɗalibai gadonsu suke bar wa juna. Na gaji da maimaita amsa a bakin ofis. Ga su nan a rubuce, wanda ya sake tare ni da ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Malam, mece ce alamtarwa?

A siffantawa cewa ake yi wane zaki ne. A alamtarwa zakin kawai za a sako maka cikin waƙa, a bar ka ka gano nauyin da yake ɗauke da shi. In ka ga "kamar" ko "tamkar", kamantawa ce. Tun aji ɗaya aka yi wannan.

Jan furen nan da Turawa ke maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba, jini yake nufi ko?

Haka kowa ke rubuta mini, kuma rabin maki nake bayarwa. Furen popi ya fara zama ciyawa kafin ya zama alama. Irinsa kan daɗe a kwance cikin ƙasa, sai an tone ta yake tsirowa, kuma babu abin da ya tone ƙasar Filandas a Beljiyam irin harsashin igwa da haƙar kabari. John McCrae, likitan soja ɗan Kanada, ya gan shi tsakanin kaburbura a watan Mayun 1915 bayan an kashe abokinsa a fagen Ypres, ya sa shi a waƙa, mujallar Punch ta buga a Disambar shekarar. Daga 1921 aka fara sayar da furen ƙyalle a Ingila don tallafa wa tsofaffin sojoji.

Abin da ba ku karantawa shi ne baitin ƙarshe. A can matattu ne ke cewa masu rai su karɓi faɗan su ci gaba, in ba haka ba su ba za su yi barci ba. Har kiran mutane shiga soja an yi da waƙar. Don haka kafin ka ce mini furen kukan zaman lafiya ne, karanta waƙar har ƙarshenta.

Wilfred Owen ya je yaƙin da kansa?

Ya je, mawaƙi ne kuma hafsan sojan Birtaniya. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako ɗaya a tsagaita wuta, yana da shekara 25.

Me ya sa ba su fito fili sun faɗi wahalarsu ba, sai ɓoye-ɓoye cikin alamu?

Wa ya ce maka ɓoyewa suka yi? Ku daina ɗaukar waƙa kamar ƙacici-ƙacici. Owen ya kwatanta mutumin da iskar guba ta kama ana jefa shi cikin keken ɗaukar kaya, idanu sun juye, jini na ɓulɓulowa daga huhu. Wane fili ya wuce wannan?

Inda maganarka ke da ɗan ƙamshin gaskiya shi ne, a lokacin ba kowa ke da bakin cewa "tsoro ya karya ni" ba. A 1915 likita Charles Myers ya rubuta kan sojojin da ke rawar jiki, ko su kasa magana, ko su kasa tafiya alhali babu rauni a jikinsu, aka danganta abin da gigicewar fashewar igwa. Kafin yaƙin ya ƙare sojan Birtaniya sun ga irin wannan kimanin 80,000. Duk da haka manyan hafsoshi da yawa ragwanta suka ɗauke shi. Sojoji 306 na Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta aka harbe kan laifuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Mutumin da ke cikin wannan hali, ya fi masa sauƙi ya yi maganar laka da ɓera da ya ce ni ne na lalace.

To yaya zan gane abu alama ne, ko kuwa abin da mawaƙin ya gani ne kawai? Kuma me zan rubuta a jarrabawa?

Wannan ita ce tambayar kirki, kuma ba ni da ma'aunin da zai raba maka su tsaf. Duk wanda ya ce yana da shi, yi hattara da shi.

Mu ɗauki ɓeran Isaac Rosenberg. Shi ƙaramin soja ne, ɗan talakawan Yahudawa da ya tashi a gabashin Landan, ya rubuta waƙar a 1916, aka kashe shi a Afrilun 1918. Gari na wayewa a ramin yaƙi, ya miƙa hannu zai tsinko jan fure ya soke a bayan kunne, sai ɓera ya tsallake hannunsa. Ɓeraye sun cika ramukan nan, gawa suke ci har su yi ƙiba, saboda haka babu wani abin mamaki a ganin ɓera. Amma sai mawaƙin ya tsaya yana yi masa magana: yanzu ka taɓa hannun Bature ɗan Ingila, anjima za ka taɓa na Bajamushe, da sun san ba ka da ɓangare da sun harbe ka. A nan ɓeran ya ɗauki kaya. Shi kaɗai ke da 'yancin ƙetare filin da ke tsakanin rundunonin biyu, kuma da alama ya fi samarin nan damar ganin gobe. Alama ne? E. Ya daina zama ɓera? A'a. In ka rubuta "ɓera na nufin mutuwa" ka aje biro, ka yar da rabin waƙar.

Abubuwan da ni nake dubawa, kuma ba kullum suke aiki ba: ko mawaƙin ya daɗe a kan abin fiye da yadda labarin ke buƙata, ko abin ya dawo, ko ya bayyana a wurin da ba nasa ba. Na ƙarshen nan shi ya fi amfani in raunin zuciya kake nema. Siegfried Sassoon, wani mawaƙin sojan Birtaniya, yana da waƙar da mai magana ke zaune a gida a Ingila, lafiya lau, ga littattafai, ga kyandir. Wani ƙwaro ya zo yana faɗa wa harshen wutar. Nan take tunaninsa ya fara zamewa, sai ya kwaɓi kansa cewa kada ya tuna yaƙi. Ya yi ta lallashin kansa da zancen lambu da ruwan sama, a ƙarshe dai ƙarar igwa yake ji ba ta tsayawa. Kana iya cewa ƙwaron soja ne mai faɗa wa wuta, ba zan soke ba. Amma aikin da ya fi yi shi ne na ƙaramin abin da ke tayar da tsohon miki, yadda ƙarar rufe ƙofa kan sa wanda ya tsira daga hari ya zabura. Wannan ya fi kusa da yadda ciwon yake.

Haka koren tekun da Owen ya ambata a waƙarsa ta iskar guba. Iskar kulorin, wadda Jamus ta fara saki da yawa a Ypres ranar 22 ga Afrilu 1915, launinta kore-kore ne mai ratsin rawaya, kuma huhu take cikawa da ruwa. Ga shi gilashin takunkumin fuskar mai kallon ya yi hazo. Da ya ce ya ga mutumin yana nitsewa kamar a ƙarƙashin koren teku, kusan bayanin likita ya yi. Inda raunin ya fito shi ne ɗango biyun da suka biyo baya, waɗanda ya ware su kaɗai: maganar ta bar "ya faru" ta koma "yana faruwa", a cikin kowane mafarki mutumin na rugowa kansa yana shaƙewa. Lokacin aikatau ne ya canza, ba wata sabuwar alama aka kawo ba. Ɗalibi ɗaya cikin da yawa ke lura da wannan.

A jarrabawa fa? Fara da abin a zahirinsa: mene ne shi, me ya kawo shi wurin. Sannan nuna ɗangon da ya fara ɗaukar nauyi. Sannan faɗi ma'anarka da "ana iya fahimtar", kada ka ce "mawaƙin na nufin", don ba ka zauna da shi ba. In ma'ana biyu suka ci karo, rubuta su duka. Wani malamin zai fi son amsa ɗaya tak, wannan kuma kai ka san wanda ke duba takardarka. Akwai kuma lokacin da laka laka ce kawai, mutum ya kwana a cikinta ya faɗa. Ba laifi ba ne ka ce haka.

Zan iya rubuta cewa mawaƙin na da PTSD?

Kai likita ne? Sunan nan, na ciwon firgicin da kan biyo bayan mummunan tashin hankali, sai a 1980 ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Owen da Sassoon dai an san sun zauna a asibitin Craiglockhart a Edinbara a 1917, can suka haɗu. Amma shi Sassoon an kai shi ne bayan ya fitar da takardar ƙin ci gaba da yaƙin, hukuma ta ga gara a ce ba shi da lafiya da a gurfanar da shi. Mawaƙi Ivor Gurney kuma ya shaƙi iskar guba a 1917, ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali daga 1922 zuwa 1937, sai dai ciwon ya fara taɓa shi tun kafin yaƙi. Kowa da labarinsa. Yi magana kan abin da waƙar ke yi, ka bar gwajin asibiti.

Amsa-amon Owen kamar ba ya zama daidai. Kuskuren bugu ne?

Da gangan ne. Baƙaƙen yake daidaitawa ya sauya wasulan, kamar a ce ka rufe ɗango da "gida" na gaba kuma da "gudu". Kunne na jiran sauti ya sauka inda ya saba, sai ya ji ya goce. Mu da muka tashi da waƙar da amsa-amonta ba ya kuskure, ya kamata mu fi kowa jin wannan gocewar.

Mu ba mu da irin waɗannan waƙoƙin ne?

Muna da waƙoƙin soja. Kakanninmu sun je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Sa'adu Zungur ya yi musu "Maraba da Soja" da suka dawo. Waƙar tarba ce da jinjina, aikinta daban. Al'adar kirari ba ta cika ba namiji damar cewa ya firgita ba. In za ka nemi raunin a waƙoƙinmu, nema da idon da na koya maka a sama, amma kada ka ɗauko furen Filandas ka dasa a inda bai tsiro ba.

Malam, na karanta waƙar iskar gubar nan, kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba rauni ba ne. Wasunku daga garuruwan da aka kai wa hari kuka fito, kun ga abin da ya fi na takarda. In waƙar ta taɓo wani abu naki, aje ta, ki samu wanda kika yarda da shi ku yi magana, in abin ya ƙi wucewa ki ga likita. Ki zo ofis in canza miki waƙar da za ki yi aikin a kanta, ba zan tambaye ki dalili ba.

Da wace waƙa zan fara?

Ta ɓeran. Gajera ce. Karanta ta sau uku da ƙarfi kafin ka buɗe sharhin kowa.