Gas ɗin firiza da dokar da ke tsuke shi

Duk mai sana'ar ƙanƙara ko zoɓo da kunun aya a garuruwanmu, daga Ringim zuwa Kafin Hausa, ya saba jin wannan magana: "Alhaji, gas ne ya ƙare, sai an cika." Mai gyara ya kwance 'yar tukunyarsa daga bayan babur, ya ɗaura tiyo, ya ɗura, a sallame shi. Bayan wata biyu firiza ta koma gidan jiya. To gas ɗin nan akwai doka a kansa, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an ƙara ɗaure ta.

Asalin maganar a birnin Montreal na Kanada ne, a 1987, inda ƙasashe suka yarda su daina amfani da gas mai cinye ozon, wato rumfar da ke can sama tana tace hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. R-12 na firjin da can shi aka fara kora, ƙasashe masu tasowa suka rufe babinsa a 2010. R-22, wanda ke cikin tsofaffin esi da ɗakunan sanyi na 'yan kifi, wa'adinsa 2030 ne, sai ɗan ƙalilan da za a bari don gyare-gyare.

Waɗanda suka gaje su, irin R-134a da R-410A, ba sa taɓa ozon, amma suna riƙe zafi a sararin samaniya ƙwarai. Kilo ɗaya na R-134a idan ya tsere, ɗumin da yake jawowa ya kai na kilo 1,430 na iskar kabon da ke fita daga salansar mota. Na R-410A ya haura 2,000. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa aka sake zama a Kigali ta Ruwanda a Oktoban 2016 aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima, Najeriya ta amince a Disamban 2018. Ga rukunin ƙasashen da muke ciki, daga 2024 ba a ƙara yawan irin wannan gas mai riƙe zafi da ake sha, a 2029 a rage kashi 10 cikin ɗari, a 2035 kashi 30, a 2040 rabi, a 2045 kashi 80.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Ba wanda zai zo ƙauye ya ƙwace maka firiza don tana aiki da tsohon gas. Dokar a bakin shigowa take tsaye: sai mai lasisi ke shigo da gas, kuma da adadin da aka yanka masa. Ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da lissafin, hukumar NESREA na da ƙa'idojin kare ozon tun 2009, Kwastam kuma na tsaron ƙofa. Kamar a riƙa rage buɗin ƙofar dam ɗin Tiga ne sannu a hankali. Manomin da ke can ƙasa wajen Haɗeja ba a hana shi noma ba, ruwa ne kawai zai ga yana ja baya. Tsohon gas zai riƙa wuya, ya riƙa tsada, jabu kuma ya samu kasuwa.

Me ya maye gurbinsu? A sababbin firji da firiza, galibi R-600a ne, manyan na kanti kuma R-290. Ɗuminsu bai taka kara ya karya ba, wajen 3 kacal idan aka auna da waccan 1,430, kuma ba sa shan wuta sosai, abin da ya dace da mai sola. Sababbin esi da yawa R-32 suke sha, mai ɗumin 675. Sai dai a nan gizo ke saƙar: R-600a da R-290 dangin gas ɗin girki ne, suna kama wuta. R-32 ma yana kamawa, ko da yake bai kai su ba.

Abin da ake sawa a firjin gida ɗan kaɗan ne, bai wuce giram 150 ba, kuma an ƙera na'urar yadda tartsatsi ba zai haɗu da shi ba. Haɗarin a hannun gyara yake. Mai gyaran da ya saba kunna wutar walda ya kai bakin bututu ba tare da ya zuƙe gas ba, a cikin shago mai ƙofa ɗaya, janareta na ruri a gefe, wannan sabon gas ba ya yafe irin wannan. Haka mai ɗaukar wuƙa yana sarar ƙanƙarar da ta daskare a jikin firiza. Ka huda bututu, ka yi asarar gas, ka kuma cika ɗaki da abin da ashana ɗaya ta ishe shi.

Kuma ba a gauraya su. Kowane kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin, da gas ɗinsa da man da ya dace da shi. A zuba R-600a a injin R-134a, ko a ɗura gas ɗin girki don araha kamar yadda wasu ke yi, kwamfireso ne zai biya, domin na girki ba a tace shi daga danshi da datti ba. Sunan gas yana rubuce a jikin baƙar tukunyar da ke bayan firiza, masu kama wuta kuma akan manna musu alamar harshen wuta cikin ɗorawar kusurwa uku. Ko ba ka karanta boko ba, ɗanka na firamare zai karanta maka lambar.

Sai batun na hannu. Firji da esi da kwamfireso da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, ko da yake duk mun san suna cika kasuwa. Turai ta fi mu tsanantawa, dokarta ta 2024 na nufin kawar da rukunin gas irin R-134a da R-410A gaba ɗaya nan da 2050, har a na'urorin ɗumama gidajensu, domin su ma da shi suke aiki. (Mu namu ɗumin na hunturu kasko ne da garwashi, dokar ba ta san da shi ba.) Abin da Turawa suka yar shi ke biyo jirgi. A ganina arahar Beljiyam yanzu arahar banza ce: ka sayi injin da ke zuƙar wuta, gas ɗinsa kuma yana kan hanyar ƙarewa a kasuwa.

Mu koma kan "gas ya ƙare". Gas ɗin firiza ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagayawa yake a rufaffen bututu shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Kafin azumi ya kama, lokacin da ƙanƙara ke kuɗi, ka kira mai gyaranka ka ce masa: "Malam, kafin ka ɗura, kaɗa kumfar sabulu mu shafa a mahaɗar bututun nan, mu ga inda take tashi." A toshe wurin, a zuƙe iska da famfo, sannan a auna gas a kan sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a jikin firizar.