Man bagamot: asalinsa da yadda ake amfani da ƙamshinsa

Bagamot wani irin lemu ne da masana tsirrai ke kira Citrus bergamia, girmansa kamar na lemun zaƙi amma idan ya nuna fatarsa rawaya take komawa kamar ta lemun tsami. Ba a cika shansa haka nan ba don tsami da ɗaci sun yi masa yawa, duk darajarsa a ɓawon take, a nan ne man yake cikin wasu 'yan ƙananan ramuka da idan ka matsa ɓawon da farce za ka ga sun fesa ƙamshi nan take. Mafi yawan man da ke yawo a duniya daga kudancin Italiya yake fitowa, yankin Kalabiriya, wajen gaɓar teku a lardin Reggio Calabria, kuma tun 2001 Tarayyar Turai ta ba man wannan yanki kariyar suna, wato ba a yarda a sayar da man wani wuri da sunan yankin ba. Ana nomansa a Kwaddibuwa ma amma bai kai na can yawa ba. Akwai wata ciyawa a Amurka dangin na'a-na'a da ita ma ake ce mata bagamot saboda ƙamshinsu ya yi kama, amma ita daban ce, kar a haɗa su.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ake girbi. Wajen fitar da man ba dafa shi ake yi ba, kankare ɓawon ake yi a matse a sanyi, da can da soso ake tsotse man da hannu kafin injuna su zo, kuma sai an matse lemu kusan 100 kafin a samu giram 85 na man, shi ya sa na gaske ba ya araha kuma jabu ya yi yawa. Launinsa kore-kore ne zuwa rawaya. Manyan sinadaran da ke ciki su ne limonin, da linalil asitet, da linalul, waɗannan biyun na ƙarshe akwai su a man furen labanda ma, su ne ke sa ƙamshin ya yi laushi kamar na fure, ba kaifin lemu zalla ba.

Mutane da yawa sun san ƙamshin nan ba tare da sun san sunansa ba, shi ne ƙamshin shayin Earl Grey, kuma yana cikin turaren Eau de Cologne da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709.

A fannin magani da ƙamshi kuwa, wanda masanin sinadarai ɗan Faransa René-Maurice Gattefossé ya yaɗa sunansa da littafinsa na 1937, an fi neman bagamot don kwantar da hankali da rage damuwa da sauƙaƙa bacci. Ana ɗiga ɗigo uku zuwa biyar a ruwan na'urar fesa ƙamshi, ko a ɗiga ɗaya a hankici a riƙa shaƙa, wasu kuma su gauraya shi da man jojoba ko na almon su yi tausa. An yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna mutane sun ji natsuwa bayan sun shaƙa, kuma gaskiya wanda ya zauna a ɗakin da aka fesa shi zai gane dalilin da ya sa ake sonsa, ƙamshi ne mai sa ƙirji ya saki. Amma fa taimako ne kawai, wanda ke fama da ciwon damuwa mai tsanani likita zai gani, kuma kar ya ajiye maganin da aka rubuta masa.

Inda ya kamata a tsaya sosai shi ne batun rana. A cikin man akwai wani sinadari bagaptin, idan ya taɓa fata sannan hasken rana ya bugi wurin sai ya ƙone kamar an zuba ruwan zafi, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa, bayan ya warke kuma ya bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni bai goge ba. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan, sukan ga tabon a wuya ya bi sawun da turaren ya gangaro sak kamar an zana. Abin takaici mutum ba ya jin komai lokacin da ya shafa, sai daga baya. Shi ya sa ƙungiyar masu turare ta duniya IFRA ta ƙayyade kar ya wuce kashi 0.4 cikin 100 a abin da zai zauna a fata, kuma ake cewa wanda ya shafa ya guji rana aƙalla awa 12. Akwai man bagamot da aka cire masa wannan sinadarin, za ka ga an rubuta FCF a jikin kwalbar, shi ya fi dacewa da tausa.

Ba a shan man, ba a shafa shi tsantsa, a kiyaye ido, a kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Mai juna biyu da mai asma su tambayi likita tukuna. Wajen ajiya kuma kwalba mai duhu ake so a wuri mai sanyi, a rufe murfin gam, don idan iska ta daɗe tana shiga limonin ɗin yakan lalace, ƙamshin ya dusashe, man kuma ya fara sa fata ƙaiƙayi.