Akseleratar: me kalmar take nufi, kuma me ake biya kafin a shiga?

Ɗan yayata ya gama karatun kwamfuta, ya baro Tawa ya sauka wurina a Yamai da ƴar jaka da salula mai tsagaggen gilashi. Wata huɗu suka kwashe shi da abokinsa suna haɗa wata manhajar zumunta, wadda ƴan fada da ƴan gari ɗaya za su riƙa sanar da juna biki da suna da rasuwa, su kuma tara gudummawa a ciki. Wani dare bayan isha'i muna ƙofar gida ana dafa shayi, ya miƙo mini salular ya ce, "Kawu, zan aika dosiye akseleratar. In suka ɗauke mu, kuɗi sun samu." Na ce masa, "Ɗana, kuɗin wa, kuma a bakin me?" Sai ya yi shiru. Shirun nan ne ya sa ni wannan rubutu, don na san ba shi kaɗai ke riƙe da kalmar a baki ba tare da ya san nauyinta ba.

A mota muka fi sanin kalmar. Akseleratar shi ne abin da direba ke takawa, ko wanda ɗan kabu-kabu ke murɗawa, in zai ba da wuta. Kowa kuwa ya san babur ɗin da ya riga ya tashi ake ba wuta. Wanda ke jingine jikin bango, ko ka murɗa har hannunka ya gaji ba inda za shi. A harkar sababbin kamfanonin fasaha ma'anar ke nan: shiri ne na ɗan lokaci, galibi wata uku, da ke ɗaukar ƙananan kamfanoni rukuni guda, ya ba su jari da masu ba da shawara, ya matsa musu su yi cikin wata uku abin da da sai su shekara ba su yi ba. A ƙarshe a tara masu zuba jari, kowane kamfani ya fito ya nuna abin da ya cim ma cikin ƴan mintuna.

Mu nan mun fi sabawa da inkubatar, shi ya sa ake cakuɗa su. Inkubatar kwancin kaza ne: ƙwai ake kawowa, a ɗumama shi har ya ƙyanƙyashe. Kana iya zuwa da tunani kawai, a ba ka tebur da intanet da wuta, a koya maka lissafin kasuwanci, a nuna maka yadda za ka yi rijista a Maison de l'Entreprise ka samu lambar rijistar kasuwanci (RCCM) da lambar haraji (NIF), ka zauna shekara ɗaya ko fiye. Irin aikin da aka san cibiyar CIPMEN da shi ke nan a Yamai tun 2014. Akwai kuma kyauta da tallafi, su ma dabam suke. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 tana ba matasan ƙasashen Afirka 54 horo da dalar Amurka 5,000, ba ta karɓar komai daga kamfaninsu.

Akseleratar kuwa kiwon turka ne. Ragon naka ne, ya riga ya yi ƙashi. Wani ya zo wata uku kafin layya ya ce shi zai kawo dusa da harawa da kuɗin allura, shi ya san dillalan kasuwar dabbobi ta Turaku, amma ranar da aka sayar yana da kasonsa. Ba sadaka ya yi maka ba, kuma ba bashi ba ne da za ka mayar. In ragon ya mutu, kuɗinsa sun tafi, ba zai kai ka ƙara ba. In ya yi kuɗi, tare za ku ci.

Wanda ya fito da wannan salo shi ne Y Combinator, da Paul Graham da Jessica Livingston da abokansu biyu suka kafa a Amurka a 2005. Dandalin hira na Reddit na cikin rukunin farko, Dropbox mai ajiyar fayil a intanet ya shiga a 2007, Airbnb mai haɗa masu ɗakunan haya da baƙi a 2009. Wani akseleratar, Techstars, ya biyo baya a 2006. Yarjejeniyar da Y Combinator ya bayyana a 2022 ita ce dala 500,000, wato kusa da miliyan 300 na sefa gwargwadon canjin ranar. Amma kashi biyu ne. Dala 125,000 a bakin kashi 7 cikin 100 na kamfanin. Sauran 375,000 ana ba da su kan wata takarda da suke kira SAFE, wadda ke rikiɗa ta zama hannun jari ranar da wasu masu kuɗi suka shigo suka yi wa kamfanin farashi. Ke nan abin da za a cire maka ya wuce kashi bakwai, sai daga baya za ka san iyakarsa.

A nan na tsaya da ɗan yayata sosai, don a nan ne tarbiyyar furoje ta ɓata mana tunani. Mun saba a kira mu otel kwana uku, a ba mu kuɗin zama da takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Mai akseleratar ba ya tafiya. Sunansa na cikin takardun kamfaninka har ranar da aka sayar da shi ko aka sa shi kasuwar hannun jari, kuma sai a ranar yake ganin riba. Paystack na Legas, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Shola Akinlade da Ezra Olubi, ya shiga Y Combinator a 2016, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan fiye da dala miliyan 200. Irin wannan ranar masu akseleratar suke jira, kuma sun san yawancin waɗanda suka ɗauka ba za su kai ba, ɗaya ne zai biya asarar sauran. Shi ya sa ba sa neman sana'a mai kyau da za ta ciyar da gida goma. Mai shagon gyaran salula da ke cin riba kullum ya fi kamfanoni da yawa lafiya, amma ba shi suke nema ba, kuma wannan ba raini ba ne gare shi. Suna neman abin da zai iya ninka kansa sau ɗari.

Akwai wasu ƙayoyi da ya kamata ɗan Nijar ya sani tun da wuri. Da Ingilishi ake cike takardun Y Combinator, da shi ake yin bidiyon minti ɗaya na masu kamfanin, da shi ake ganawar minti goma. Wajen ɗaya cikin ɗari na masu nema ake ɗauka. Ba sa zuba kuɗi kai tsaye cikin SARL ɗinka, wato kamfanin da ka yi wa rijista a nan gida ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA. Sai ka kafa uwar kamfani a Amurka, Kanada, Singafo ko tsibiran Kayman. Zaman kuma a San Faransisko ake yin sa, bizar Amurka kuwa ta yi wa ɗan Nijar wuya ƙwarai. Nema kyauta ne, wannan a riƙe shi da kyau: duk wanda ya ce ka turo jika ashirin kuɗin dosiye don ya shigar da kai, ka ja da baya.

Amma ko a Dakar shirin yake ko a Legas ko nan cikin Yamai, tambayoyin ba sa canzawa. Su wane ne ku, tun yaushe kuka san juna, wa ke rubuta manhajar da hannunsa? Me kuka gina? Mutum nawa ke amfani da shi, kuma nawa ne makon jiya? Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ke kayar da masu manhajar zumunta.

Dalili shi ne manhajar zumunta kasuwa ce. Manhajar lissafi ko ta lokutan salla tana da amfani ko kai kaɗai ne a kanta. Ta zumunta in ka shiga ka tarar babu kowa, kamar ka je kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci: rumfuna tsaye, ba mai saye ba mai sayarwa, ba za ka sake komawa ba. Ɗan yayata ya nuna mini da alfahari cewa mutum ɗari uku da wani abu sun sauke manhajarsu bayan sun biya talla a Facebook. Na ce ya duba nawa suka buɗe ta a wannan mako. Ya duba, ya sake dubawa. Goma sha ɗaya, har da shi da abokinsa. Mutanen sun watsu ne, wani a Zinder, wani a Kano, wani a Abijan, babu wanda ya san wani, to wa zai sanar da wa suna?

Facebook da kansa a 2004 ɗaliban jami'ar Harvard kaɗai ya buɗe wa ƙofa, sai da wuri ɗaya ya cika sannan ya tsallaka wani. Masu Airbnb gida-gida suka bi a New York suna ɗaukar hotunan ɗakuna da kansu. Talla ta farko ƙafa ce. A wurinmu ma abin ya fi sauƙi, don jama'ar a haɗe take tun asali: ƙungiyar ƴan asalin gari ɗaya mazauna Yamai, ƴan aji ɗaya a jami'ar Abdu Mumuni ko ta Djibo Hamani a Tawa, matan da ke adashi tare, dillalan albasar Galmi. Ka zaɓi ɗaya, ka sami mai faɗa a ji a cikinsu, ka zauna kan tabarmarsu ka sa musu manhajar da hannunka, ka tsaya ka ga inda yatsa ke kakarewa.

Kuma ka tuna da wa kake kokawa. Kowace ƙungiya tana da gurup ɗinta na WhatsApp, kyauta, kowa ya iya. In manhajarka ba ta yi abu ɗaya da ya gagari gurup ba, misali ta nuna wa ya ba da gudummawa wa ya rage ba tare da an bi saƙon murya ɗari ba, babu dalilin da zai sa a ƙaura. Ta zama marar nauyi, don salular Itel ko Tecno ta mai ƙaramin ƙarfi cike take da hotuna, kuma mega kuɗi ne. Ta karɓi murya, don da yawa cikin iyayenmu ba rubutu suke yi ba. Ta yi Hausa da Zabarmanci kafin ta yi Ingilishi.

Paul Graham ya taɓa rubuta cewa ƙaruwar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a mako abin yabo ce ga kamfanin da ke cikin shirinsu. Abin kamar kaɗan, amma ɗari da ke ƙaruwa da kashi bakwai kowane mako ya zama 225 cikin mako 12, a shekara ya haura 3,000. Mutum sittin da ke dawowa kullum, suna jawo ƴan uwansu ba tare da an biya su ba, sun fi daraja a idon mai akseleratar kan dubu biyar da suka sauke suka goge. Ni ma a ganina haka ya dace, don su sittin ɗin ne shaidar cewa babur ya tashi.

Ban hana shi nema ba. Cike takardun kaɗai makaranta ce, tana tilasta maka ka faɗi abin da kake yi cikin jimla biyu, kuma da yawa sai a nema na biyu ko na uku aka ɗauke su. Abin da na roƙe shi shi ne ya jinkirta zuwa zagaye na gaba. Ya tsayar da tallar Facebook, ya je wurin sakataren ƙungiyar ƴan garinsu da ke taro kowace Lahadin farkon wata a unguwar Bukoki. Ya sayi kaye na dala arba'in, ya ja layi: kwanan wata, waɗanda suka buɗe, waɗanda suka dawo, abin da suka yi kuka da shi. Daren jiya ya shigo da ƙura a ƙafa, ya ajiye kayen gefen butar shayi ya ce, "Kawu, ma'ajin ya ce rubutun ya yi masa ƙanƙanta, kuma yana son ya ga jimillar kuɗi a sama." Ya buɗe kwamfuta, ya kira abokinsa a Tawa.